Hular Alhaji Gana

Tun kafin in ga Garwa ta ƙasar Kamaru da idona aka raba ni da kyamarata. A wani shinge ne tsakanin iyaka da Gashiga, inda aka gindaya gora a kan duro, wani mai kaki ya zazzage jakata a kan tebur, ya ɗaga kyamarar sama kamar ya kama ɓarawo da akuya a hannu. Ya yi Faransanci na yi Hausa, ya koma Fillanci na koma Turanci. Direban motarmu ne ya taƙaita mini zancen, wai ƙasa tana cikin halin tsaro, ɗan Najeriya mai kyamara kuwa sai an bincika. Na fito da takardar shiga jami'a, na ɗora yatsa a inda aka rubuta fannin ɗaukar hoto. Ya dube ta a juye ya miƙo mini. Aka ce in dawo wani mako in karɓi kayana. Na dawo na tarar da gorar da duron suna nan, amma an canza mutanen, sababbin kuwa ko labarin wata kyamara ba su taɓa ji ba. Da wannan kyamarar na ci na sha a Funtuwa, ina bin gidajen biki da na suna. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Haka na shiga Garwa, maharbi ba baka. Yajin aikin jami'o'inmu ne ya koro ni, ga kuma wani abokin babana da ya yi ta zuga ni cewa akwai wata ƙaramar jami'a a can da ake koyar da hoto kamar yadda ake koyar da likitanci. Bai faɗa mini zafin garin ba. Ni da nake taƙamar na san rana, sai da Garwa ta nuna mini cewa wasa muke yi a gida. Bai kuma faɗa mini cewa ko daga cikin Masallacin Juma'a ka fito, muddin ka ce Najeriya, sunanka Biyafara ba.

Dillalin da na faɗa hannunsa ya nuna mini ɗaki mai tagogi har da bishiyar mangwaro a ƙofa. Ranar tarewa ya miƙo mini makullin wani ɗakin daban, wanda bangonsa ɗaya da na injin niƙa. Da na yi magana ya buɗe hannu ya ce ai duk gida ɗaya ne. Baƙo ko da ido makaho ne. Na shekara ina karatu haƙorana suna kaɗawa, garin masara yana sauka a kan littattafaina. Akwai dangin kakana a unguwar Hausawa, jikokin fatake da suka zo da goro da tufafi suka zauna. Sun karɓe ni da shayi, suka lissafo mini kakanni har na rasa inda nake a ciki, suka yi mini fatan alheri, suka rako ni bakin ƙofa. Ban koma ba, su ma ba su neme ni ba.

A aji kuwa kurma nake. Da ba don Aisatu ba da na tattara na koma tun a watan farko. 'Yar Garwa ce, uwarta Bafulatana, ubanta Bahaushe, bakinta kamar reza. Ita ce ta ga ina kwafar allo ba tare da na san me nake kwafa ba, ta matso ta ce, "Kai Biyafara, abin da kake rubutawa sanarwar ɗauke ruwa ce, ba darasi ba." Tun daga ranar take zama kusa da ni tana raɗa mini fassara, in na yi kuskure ta yi mini dariya har da buga tebur. Da dariyar tata na koyi Faransanci.

Malamin da ke riƙe da fanninmu ba zan faɗi sunansa ba. Ɗalibai suna kiransa Musye Verite, wato Malam Gaskiya, domin ba ya jimla biyu bai ce gaskiya ba. Ya yi karatu a Turai, kuma ba ya bari ka manta. Kullum da gyale a wuya, a wannan zafin da ko ƙadangare yake neman inuwa. Karatunsa guda ne: hoton da mutum ya shirya masa ƙarya ne, na gaskiya shi ne wanda aka ɗauka mutum bai sani ba. Ni kuma a inda na tashi, ba a ɗaga wa babba kyamara sai ya ce bari in kimtsa. Na yi ta haɗiye maganarsa saboda takarda na zo nema.

Tun da ba ni da kyamara, sai ta sashenmu nake ara. Tana da doka: ka karɓa da safe ka mayar da yamma, kuma ba ka da ikon goge komai. Duk abin da ka danna, mai kyau da marar kyau, ana juye shi a kwamfutar sashe don malami ya ga yadda kake aiki. A lokacin ban ga aibin dokar ba.

Da shekarar ƙarshe ta zo aka ce kowa ya kawo aikin kammalawa, hotunan fuskokin mutane a kan jigo guda. Ni na riga na san nawa. Garwa cike take da mutanen garuruwan bakin iyaka da rikici ya taso, kuma duk hoton da na taɓa gani nasu, a layi suke da kwano a hannu. Na ce ni zan ɗauke su yadda su suke so a gan su. Kowa ya zaɓi kayansa, ya zaɓi wurin zamansa, ni nawa danna maɓalli. Musye Verite ya taɓe baki ya ce aikin masu situdiyon bakin kasuwa ne, amma in gwada.

Wanda ya sa mini wannan tunani shi ne Alhaji Gana. Wankin hula yake yi a gindin wata darbejiya a bayan kasuwa. Na fara kai masa hulata ne kawai, ya juya ta ya ce, "Ɗana, wannan hula ce ko matatar koko?" Daga nan muka saba. Dogo ne, baƙi, Hausarsa da gishirin Barebari a ciki. Yana wanke hula kamar yana yi wa jariri wanka, ya ɗora ta a kan katako, ya jera su a rana. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a ɗakin injin niƙa, kwana biyu bai gan ni ba, shi da kansa ya yi ta tambaya har ya gano gidan. Ya zo da kunu a kwanon sha da wani jiƙo mai ɗacin tsiya, ya zauna a bakin ƙofa sai da na shanye. A duk Kamaru babu wanda ya taɓa takowa don ya ga ko ina da rai sai shi.

A hankali na san ko wane ne. A Kolofata attajirin albasa ne, motoci suna yi masa lodi zuwa Kuseri da kudu, ƙofar gidansa ba ta rabuwa da masu cin abinci. Dare ɗaya aka watsa su. Matarsa ba ta daɗe ba bayan sun iso Garwa ta rasu. Ɗansa guda da ya rage, Bukar, yana Kuseri yana buga-buga. Mutanen garinsu sun warwatsu, wasu Marwa, wasu Mora, wasu Chadi, amma suna da zaure a waya inda suke gaisawa.

"Sun san wankin hula kake yi, Baba?" na tambaye shi wata rana.

"Sun san ina Garwa ina taɓa sana'a. Ban yi musu ƙarya ba, ban dai buɗe musu cikina ba."

Da na kawo masa zancen hoto ya ƙi. Ya ce an ɗauke su a sansani kamar ana ƙirga awaki, ya isa. Na yi ta bi, na yi masa bayanin cewa shi zai zaɓi komai. Ya ci gaba da goga wata hula, can ya ce, "In na sa kayana ka ɗauka, za ka ba ni guda in aika wa Bukar?"

"Har da firam, Baba."

"To da sharaɗi. Wanda na shirya shi za a gani. Ba na son yaron nan ya ga na faɗi. In ya gani zai bar abin da yake yi ya taho, shi ma ya faɗi."

Na ce na ɗauki alkawari. Ya ce, "Allah yana ji." Na ce yana ji.

Ranar Juma'a da hantsi na je ɗakinsa, can wajen gada. Na zaunar da shi a jikin bangon ƙasa inda haske yake sauka da kyau. Ya cire rigar aiki da hular aiki, ya rage daga shi sai singileti, ya sunkuya yana kwance wani ƙullin zane da ya ciro daga akwatin ƙarfe. Ni kuma ina gwada haske a jikin bangon, kamar yadda kowane mai hoto a duniya yake yi kafin a fara, na danna sau ɗaya na duba, na gyara. Shi ke nan. Daga cikin ƙullin ya fito da hula zanna bukar, aikin hannu, ruwan toka da ja. Ya ce ita kaɗai ya fito da ita daga Kolofata, don tana kansa lokacin da aka fara harbi. Ya zura babbar riga fara, ya kafa hular, ya ɗan karkata ta, ya ɗora hannu a gwiwa ya dube ni. Wallahi sai da na ji kamar in durƙusa in yi gaisuwa. Wannan shi ne mutumin da motoci suke jira a ƙofar gidansa. Na ɗauka, na nuna masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ashe ina nan."

Bayan shi mutane suka sake da ni, don in Alhaji Gana ya zauna wa zai ƙi? Wata tsohuwa ta aro sarƙa a maƙwabta, wani tela ya ce sai da kekensa, wani malami ya riƙe carbinsa na Makka. Na yi watanni ina wannan aiki, kuma ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar lokacin ba.

Ranar duba aiki muka taru a gaban kwamfutar sashe. Na jera waɗanda na zaɓa. Musye Verite yana wucewa da su yana hamma, ya ce duk hotunan Sallah ne. Sai ya buɗe ragowar, waɗanda ban zaɓa ba, yana gungurawa, har ya tsaya cak. Hoton gwajin hasken nan ne. Alhaji a sunkuye, kai ba hula, furfura da sanƙo a fili, ƙasusuwan wuya sun fito, singileti ya huje a kafaɗa.

Ya miƙe tsaye ya ce, "Ga ta! Ga gaskiya! Kai, kana da zinariya kana kawo mini gwangwani?"

Na ce masa wannan ba hoto ba ne, gwaji ne, mutumin bai shirya ba.

"Shi ya sa ya zama hoto."

Na tattaro duk Faransancin da Aisatu ta koya mini na ce, "Musye, a wurinmu dattijo ba ya fita kai a sake. Nuna shi haka daidai yake da a tuɓe shi a kasuwa. Kuma na yi masa alkawari."

Ya yi murmushin nan nasa ya ce shi ma ɗan ƙasar nan ne, kada in koya masa al'ada, hula tsumma ce kawai. Aisatu ta sa baki ta ce, "Musye, in tsumma ce, kai me ya hana ka cire gyalenka?" Aji ya kwashe da dariya, shi bai yi ba. Na ce a goge hoton a gabana. Ya ce doka ta hana, amma in kwantar da hankalina, aikina ne, ni ke da zaɓi. Na yarda da shi saboda malami ne.

Ana saura 'yan makonni bajekolin hotunanmu takardar zamana ta ƙare. Wannan ofis ya tura ni wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi jana'iza, daga ƙarshe aka ce sai na koma bakin iyaka an buga mini hatimin shigowa sabo. Tafiyar yini ɗaya ta cinye mini kusan mako. Ruwa ya cinye hanya, motarmu ta kafe a laka, muka tura ta har takalmina ɗaya ya zauna a can. Na kwana a benci a wata rumfar mai shayi, mutumin kirki, ya ba ni buhu na shimfiɗa bai tambaye ni ko daga ina nake ba. Na dawo Garwa da rana tsaka, a gajiye, da takalmin roba da na saya a hanya.

Ina sauka a tasha na gan shi. A jikin bangon tashar, babbar takardar talla, Alhaji Gana a sunkuye kai ba hula, ya fi mutum girma. A sama an rubuta da Faransanci wai fuskokin gudun hijira. A ƙasa sunana ne, da manyan baƙaƙe.

Ban san lokacin da na hau babur ba. A hanya na ga wata a jikin kantin magani, wata a kusa da gada, wata a ƙofar kasuwa, taku kaɗan daga darbejiyar da yake wanki. Na faɗa ofishin Musye Verite ba sallama. Yana shan kofi. Na ce wa ya ba shi izini? Ya ce in zauna. Na ce ba zan zauna ba. Ya ce masu ɗaukar nauyin bajekolin sun ga hotunan duka, wannan suka zaɓa, kuma ya kamata in yi murna don sunana zai je inda ƙafata ba za ta je ba.

"Ka ce ni ke da zaɓi!"

"Kyamarar wa ka ɗauka da ita?"

Bai jira amsata ba.

"Ta makaranta ce. Abin da ke cikinta na makaranta ne. Kuma ina ba ka shawara, in ka taɓa hoton da za a rataye a zaure, ka manta da takardar kammalawa."

Kayan aro ba ya rufe katara, na sha jin haka tun ina yaro, amma ranar na san ma'anarsa. Mai kakin da ya ƙwace kyamarata da wannan mai gyalen, a wurina sana'arsu ɗaya, sai dai wancan bai ce don gaskiya yake yi ba. Na faɗa masa haka da Hausa, da ƙarin wasu kalmomin da ba zan rubuta ba. Bai ji ba, amma ya gane.

Aisatu ta aro babur ɗin yayanta, ta ja, ina baya. Muka bi gari muna yage takardun, rana tana dukanmu, mutane suna kallonmu kamar mahaukata. A wajen kantin magani ta tsaya ta ciro wayarta ta nuna mini. Sashenmu ya riga ya sa tallar a intanet, an yi ta turawa. Ta ce, "Hafizu, bango muke yagewa. Wannan fa?" Ranar ce ta fara kirana da sunana.

Na tafi gindin darbejiya. Yana zaune, huluna suna jere a rana, bai ɗago ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na fara bayani, gwajin haske, dokar sashe, tafiyar iyaka. Ya bar ni na gama.

"Bukar ya bugo," ya ce. "Yana kuka kamar mace. Wai Baba, har hula ba ka da ita? Ya ce zai sayar da teburinsa ya taho. Na rantse masa kafin ya haƙura."

Ya jawo wata leda daga ƙarƙashin benci ya buɗe. Hula ce, sabuwa, irin ta kanti mai araha.

"Daga Marwa aka aiko da ita jiya. Wanda ya aiko, yaron motata ne a da, shi ke ɗaure buhuna. Ya ce a ba Alhaji sadaka, ya rufe kai." Ya mayar da ita cikin ledar a hankali. "Yaron kirki ne. Da zuciya ɗaya ya yi."

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Na ce, "Baba, ka yafe mini, ba da sanina ba ne."

"Na sani, ɗana. Yaushe ne taron naku?"

Na faɗa masa. Na roƙe shi kada ya zo. Ya ɗauki burushi ya ci gaba da aikinsa.

Ranar bajekolin, bayan la'asar, zaure ya cika da manyan baƙi da turare. Hotunan da na zaɓa an rataye su ƙanana a wani lungu kusa da ƙofar bayi, na Alhaji mai hula ma ba a buga shi ba sam. Na gwajin kuwa shi ne a tsakiyar bango, cikin firam, da fitila a kansa. Mutane suna tsayawa a gabansa da kofin lemo a hannu suna girgiza kai. Wata mata ta kama hannuna ta ce hoton ya taɓa zuciyarta. Na zare hannuna.

Sai ga shi ya shigo. Babbar riga fara, zanna bukar a karkace, yana tafiya a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mutane suka dare ba tare da sun san ko wane ne ba. Ya tsaya a gaban hoton ya daɗe. Sai a lokacin wasu suka fara duban bango suna dubansa. 

Ya ce da Hausa, ba da ƙarfi ba, "Wannan bawan Allah, a rufa masa asiri mana."

Ya sa hannu biyu ya cire hularsa, ya miƙa tsawonsa, ya rataya ta a saman firam ɗin, ta sauko ta rufe kan da ke cikin hoton. Ya tsaya a gaban jama'a kai a sake, da furfurarsa da sanƙonsa.

Suka tafa. Wallahi tafi suka yi. Sun ɗauka wasan kwaikwayo ne da aka shirya. Musye Verite yana cewa abin ya yi kyau matuƙa, yana laluben wayarsa, wayoyi suka tashi sama ta ko'ina. Na tsallaka na tsaya a gaban Alhaji na buɗe hannuwa, ina ihu da duk harshen da ya zo bakina cewa duk wanda ya danna sai na fasa wayarsa. Aisatu ta fizge ta malamin daga hannunsa ta jefa a cikin bokitin ƙanƙarar lemo. Na cire hulata na miƙa wa Alhaji. Ya girgiza kai. Ya kama hannun babbar rigarsa ya yafa a kansa, ya juya ya fita, ba sauri ba waiwaye.

Na sauke firam ɗin daga bango da hular a jikinsa, na saɓa a kafaɗa na fice. Babu wanda ya tare ni. Na tabbata na yi sallama da takardar da na sha garin masara dominta, kuma a lokacin ko a jikina.

Ba su kore ni ba. Da sun kore ni da na ce akwai sauran kunya a wurin. Maki mafi girma a ajinmu suka ba ni, aka rubuta cewa aikina ya haifar da lokaci mafi ƙarfi a bajekolin. Aisatu ce aka dakatar zango guda saboda wayar. Ta ce in an sake ba ta dama a tukunyar miya za ta jefa.

Gindin darbejiya kuwa babu kowa. Maƙwabcinsa mai gyaran takalmi ya ce ya raba wa masu huluna kayansu, ya tafi Bogo wurin wani ɗan'uwan matarsa. Na buga hotonsa na ainihi, mai babbar riga da hula, na sa a firam kamar yadda na yi alkawari. Na naɗe zanna bukar a cikin zane, na hau motar Marwa, daga can na hau ta Bogo ranar kasuwa, a matse tsakanin buhunan gero da wani rago.

Na same shi a wata rumfa yana taya ɗan'uwan matar tasa tsaron awo. Hular kantin nan ce a kansa, ta sadaka. Ya yi murna da ganina, ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi Aisatu, ya ce yarinyar nan namiji ce. Na miƙa masa hoton. Ya goge gilashin da hannun riga ya daɗe yana kallo, kamar ranar farko.

"Ya yi kyau," ya ce. "Amma wa zan aika wa yanzu? Duk wanda ya gani zai ce aro na yi."

Ya jingina shi a bayan buhu, fuskar tana kallon bango. Na kwance zanen na miƙa masa hularsa da hannu biyu. Bai karɓa ba.

"Ai na bayar. Ni in kunya ta kama ni ina da ɗakin da zan shiga. Shi wancan na cikin hoton, mai kai a sake, yana tsaye a wayar kowa, ba shi da inda zai ɓuya. Ya fi ni buƙatarta. Ka mayar masa."

Na yi kuka a tsakiyar kasuwar Bogo, ƙato da ni, masu awo suna kallo. Shi ne ma yake ba ni haƙuri.

Da zan bar ƙasar na bi ta shingen nan na wajen Gashiga. Gorar tana nan, duron yana nan. Wani mai kakin ya zazzage jakata a kan teburin, ya ture takardar kammalawata gefe, ya ga hoton gwajin nan da na cire daga firam na naɗe, bai kula ba. Sai ya ɗaga zanna bukar yana juya ta, ya ce aikin hannu ne mai kyau, ya kai ta zai gwada a kansa. Na kama gefenta. Ya ja, na ja. Direba yana raɗa mini cewa in saki, hula ce kawai, kada in ja mana kwana. Na ce da Faransancin da na biya da tsada, a kulle ni, a kira duk wanda za a kira, amma wannan hular tana da mai ita. Ya dube ni ya ga ba wasa a idona, ya sake ta yana cewa Biyafara mahaukata ne.

Tana nan a ɗakina a Funtuwa, a saman hoton, ta rufe masa kai. Ranar Juma'a nakan sauke ta in kaɗe mata ƙura, amma kafin in cire sai na rufe ƙofa.